Daga Kan Burtu Zuwa Kyamara: Tarihin Sanin Tsuntsaye a Fadamar Haɗejiya

A watan Oktoba, sa'ad da ruwan ambaliya ya soma janyewa daga fadamun Haɗejiya, akan yi wata musayar baƙi wadda hidimar girbi ba ta barin manomi ya lura da ita sosai. Shamuwar da ta iso tun bazara, ta yi sheƙa a kan tsamiya da kuka a tsakiyar ƙauye, ta ƙyanƙyashe ta yaye, sai ta tattara nata-ya-nata ta nufi kudu, har can kudancin Afirka. Ba a gama kewarta ba sai wasu su sauko daga arewa: ƙananan agwagin ruwa dubu bisa dubu, da masu dogayen ƙafafu da ke tsinto a bakin taɓo, da 'yan mitsi-mitsin da ke maƙalewa cikin bagaruwa. Waɗansu daga Turai suka taso, waɗansu daga Rasha. Sun keta Bahar Rum da Sahara, kuma wannan fadama na cikin wuraren farko da za su ga ruwa da ɗanyar ciyawa bayan rairayi.

Sun daɗe suna wannan zirga-zirga, tun kafin a gina ganuwar Haɗejiya. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne mai kallonsu, da abin da ke hannunsa, da inda yake kai abin da ya gani.

Dalilin da ya tara su a nan yana cikin ƙasar kanta. Kogin Kano da Kogin Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, wanda idan ya wuce Wudil da Ringim sai ya bar ƙasar dutse ya shiga shimfiɗaɗɗen yashi mara gangare. A can ya tarar da tsofaffin tuddan rairayi a jere, sai ya rasa hanya guda, ya rarrabu gida-gida: wani reshe ya bi ta Kafin Hausa, wani ya nufi Nguru ta mashigar Marma, wani ya lallaɓa har ya sadu da ruwan Jama'are a wajen Gashuwa, inda suke zama Kogin Yobe mai zuba a Tafkin Cadi. Tsakanin waɗannan rassa akwai tafkuna da kududdufai masu bado, da kurmin giyayya da bagaruwa, ga goruba a kan tudu. Masana sun lissafa nau'in tsuntsaye 377 a wannan yanki da ya ratsa Jigawa da Yobe da Bauci.

Masu sani na farko ba su riƙe littafi ba. Labarin baka ma cewa ya yi maharbi ne ya fara zama a inda garin yake, Haɗe da matarsa Jiya, kuma ko ba a ɗauki labarin a matsayin tarihi ba, ya nuna irin mutanen da fadama ta fara ja. Maharbi da masunci da makiyayi, Bahaushe ne ko Babade ko Bamange ko Bafulatani, kowa da tsuntsayen da sana'arsa ta tilasta masa ya sani. Masunci ya san inda kwasakwasa da zalɓe suka yi cincirindo akwai kifi. Manomin shinkafa ya san dinya da kirinjijiya da ɓarnar dare, ya san jan-baki da ɓarnar rana. Makiyayi ya san balbela da carki, abokan tafiyar shanu. Kowa kuwa ya san zakaran ƙeƙuwa, mai tona asirin duk wanda ya doso bakin ruwa da ihunsa.

Ƙololuwar wannan ilimi ita ce farautar burtu. Maharbi kan samo kan burtu, ko ya sassaƙa irinsa da itace ya lulluɓe da fata, ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa ya shiga ciyawa da rarrafe. Yana tafe yana sunkuyar da kan yana ɗagawa yadda tsuntsun ke yi in yana tsinto, ya tsaya inda burtu zai tsaya, ya karkata inda zai karkata. Barewa da zabi da dinya sun saba ganin burtu a kusa, ba sa gudunsa, har mai kwari da baka ya iso inda kibiya za ta kai. Wanda bai yi shekaru yana kallon tafiyar burtu ba, ba zai iya wannan ba. Idan ana batun nazarin ɗabi'ar tsuntsu a ƙasar nan, daga nan ya kamata a fara lissafi.

Turawan farko da suka ratso yankin ba tsuntsaye suka zo nema ba, amma sun gan su. Dixon Denham, da ya isa gaɓar Tafkin Cadi a 1823, ya ba da labarin garkunan agwagi da dinya da kwasakwasa waɗanda ba su san tsoron mutum ba, har ya ji nauyin ɗaga bindiga. Abokan tafiyarsa, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suka biyo Kogin Yobe suka yi yamma, Oudney ya mutu kusa da Katagum a Janairun 1824.

Masu zuwa takanas domin tsuntsu sai da mulkin mallaka ya shigo. Boyd Alexander, hafsan sojan Ingila kuma masanin tsuntsaye, ya jagoranci wani ayari daga Kogin Kwara zuwa Kogin Nilu tsakanin 1904 da 1907, jiragen ƙarfe biyu na ayarin suka bi Kogin Yobe har tafki. Yana cikin wannan tafiya ne sojojin Ingila suka afka wa Haɗejiya a watan Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da ɗimbin jama'arsa. Ya kamata a riƙa faɗin abubuwan biyu tare, domin hanyar da bindigar yaƙi ta buɗe ita mai tara tsuntsaye ya bi. Shi Alexander an kashe shi a 1910 a ƙasar Cadi ta yau, kabarinsa na Maiduguri. Bayansa Angus Buchanan ya yada zango a Fanisau kusa da Kano a ƙarshen 1919, yana tara wa attajirin nan Lord Rothschild tsuntsaye, kafin ya wuce Damagaram da Azbin.

A wancan zamani, gane tsuntsu na nufin riƙe gawarsa a hannu. A harbe shi da ƙananan harsasai don kada gashin ya lalace, a feɗe, a shafe cikin fatar da sabulu mai guba saboda ƙwari, a cusa auduga, a ɗinke, sannan a ɗaura wata 'yar takarda a ƙafa mai ɗauke da rana da wuri. A jera a akwati a aika Ingila. Can ne wani masani zai auna fiffike da baki, ya gwada da waɗansu, ya raɗa suna da Latin. Wanda ya yi wa Buchanan wannan aiki a gidan tarihin Rothschild da ke garin Tring shi ne Ernst Hartert, Bajamushen da shi ma ya taka ƙasar Hausa a 1885 da 1886. A 1932 aka sayar da akasarin tarin Rothschild, fatu kimanin 280,000, ga gidan tarihin halittu na birnin Niyok a Amurka. Abin da aka ɗiba a ƙasar nan ya yi wa 'ya'yanta nisa ƙwarai. 'Yar takardar ƙafa kuma sunan Baturen take ɗauka. Maharbin da ya nuna wurin, da yaron da ya yi fiɗa, ba kasafai ake rubuta su ba.

Duk da haka aikin ya yi amfani. Daga irin waɗannan fatu David Bannerman ya haɗa littafinsa na tsuntsayen Afirka ta Yamma, juzu'i 8, tsakanin 1930 da 1951, kuma a kansa littattafan baya suka ɗora.

Tambayar da fata ba ta amsawa ita ce, daga ina, zuwa ina? Turawa sun daɗe cikin duhu game da inda tsuntsayensu ke ɓacewa da hunturu. A 1822 aka harbo wani farin tsuntsu dangin shamuwa a arewacin Jamus da doguwar kibiyar Afirka soke a wuyansa. Da ita ya tashi tun daga nahiyar nan har can, kuma har yau yana ajiye a Jami'ar Rostock. Kibiyar wani maharbi da ba a san sunansa ba tana cikin hujjojin farko masu ƙarfi. A 1899 kuma wani malamin makaranta a Denmak, Hans Mortensen, ya fito da dabarar sa wa tsuntsu zoben ƙarfe mara nauyi a ƙafa, mai lamba da adireshi.

Dabarar ta iso Kano. Robert Sharland, wanda ya yi shekaru masu yawa yana aiki a birnin, ya riƙa kafa raga mai laushi a bakin ruwa yana kama tsuntsu, ya auna, ya sa zobe, ya saka. Shi da John Elgood na Jami'ar Ibadan da Hilary Fry na Jami'ar Ahmadu Bello suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Nijeriya a 1964. Ita ce ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma, mai fitar da mujallar Malimbus tun 1979. A mujallar ne Sharland da Roger Wilkinson suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a 1981, lokacin Haɗejiya na cikin Kano, shekaru goma kafin a ƙirƙiri Jigawa. A ƙauyukan fadama kuwa, mai tarko kan kama tsuntsu ya ga zobe da rubutun boko a ƙafarsa. Duk zoben da ya koma hannun masu shi layi guda ne a taswira. Da yawa ba su koma ba, domin ba a gaya wa mai tarkon abin da rubutun ke nema ba.

A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka wayi gari da abin mamaki. Wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke cika shingayen gonakinsu kowace shekara, bai dawo ba sai ƙalilan. Kusan kashi uku cikin huɗu sun salwanta a hunturu guda. Aka bincika gida ba a ga dalili ba. Sai a 1974 masana suka nuna cewa matsalar tana kudu da Sahara. Ruwa ya yi ƙaranci a yankin Sahel, ƙwari da 'ya'yan itacen da tsuntsun ke ci ya yi ƙiba kafin ya keta hamada suka yi wuya. Farin da ya zo ya ƙarar da shanu ya raba talakawa da gidajensu a 1973, tsuntsu ya riga kowa kai labarinsa Turai.

A daidai wannan lokaci aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992. Ambaliyar da kan shafe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekaru masu albarka ta koma ba ta kai 1,000 ba a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990. Raguwar ambaliyar ce ta sa a 1987 aka kafa shirin kare fadamar Haɗejiya da Nguru, da haɗin gwiwar gidauniyar NCF ta Nijeriya, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila wato RSPB, da ƙungiyar IUCN ta duniya, ofishinsa a Nguru. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo Dagona da ke cikin fadamar a 1989 ya gane wa idonsa.

Daga nan ƙidaya ta zama aikin shekara-shekara. A watan Janairu, lokacin da baƙi suka gama sauka, ruwa kuma ya tattare a wurare ƙalilan, masu ƙidaya kan fita tun asuba da tabaron hangen nesa, wasu a kwale-kwale, wasu a ƙafa cikin taɓo. Ba a ƙirga garken dubu ashirin ɗaya bayan ɗaya. Akan ƙirga ɗari a gefe guda, ido ya riƙe girman wannan gungu, sannan a yi ta aza shi a kan sauran garken har ƙarshe. Mutum biyu su yi daban-daban, a zo a gwada. Idan shaho ya gifta garken ya tashi, sai a koma farko. Da haka aka sami tsuntsayen ruwa sama da 250,000 a Janairun 1995, da sama da 320,000 a 1997. Cikin ƙa'idojin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971, akwai cewa wurin da ke ɗaukar 20,000 a kai a kai ya cancanci kulawar duniya. Tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko da Nijeriya ta shigar, a shekarar 2000. Baturiya ta ƙaramar hukumar Kirikasamma, mai faɗin hekta sama da 100,000, ta shiga a 2008 tare da Dagona.

Akwai masu cewa, kuma ba a raina maganarsu ba, me ya haɗa talakan Guri da agwagwar Rasha? Amsar ta fito daga cikin shirin kansa. Waɗanda suka zo domin tsuntsu sun tarar ba yadda za a yi a tsare agwagwa ba a tsare ambaliya ba, ambaliyar nan kuwa ita ce shinkafar manomi, ita ce kifin kasuwar Haɗejiya, ita ce ciyawar rani ta makiyayi da ruwan rijiyoyin da ke nesa da kogi. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka zauna suka yi lissafi a farkon shekarun 1990, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama yana ba da amfanin da ya ninka na wanda aka tare domin noman rani a Kadawa ninkin-ba-ninkin. Littafin da Ted Hollis da William Adams da Muhtari Aminu-Kano suka shirya a 1993 ya zama makamin duk mai jayayya a kan rabon ruwan kogin nan, har da muhawarar madatsar Kafin Zaki. Ƙidayar tsuntsu ce ta jawo idon duniya, amma hujjar da ta fito ta mutanen fadama ce.

A Fabrairun 2006 muguwar murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, karon farko a Afirka, aka shiga zargin baƙin tsuntsaye. Shekara guda bayan haka masana suka zo fadamar suka ɗebi samfur, suka kuma goya wa waɗansu agwagi 'yan na'urori masu aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Sai ga shi ana zaune gaban kwamfuta ana bin sawun agwagwar da ta tashi daga nan, ta gida ta nufi wajen Tafkin Cadi, baƙuwa ta keta Sahara ta yi arewa.

Ita kyamara ta daɗe a wannan fage kafin ta zama ta kowa. Wasu 'yan'uwa biyu a Ingila, Richard da Cherry Kearton, sun fitar da littafin sheƙunan tsuntsaye mai hotuna zalla a 1895, kuma don su kusanci tsuntsu har sa na bogi aka ƙera musu da fatar sa ta gaske, mai hoto ya shige ciki ya leƙo da kyamara ta wata 'yar kafa. Maharbin burtu zai gane wannan dabara nan take. Buchanan ma da ya dawo a 1922 da mai ɗaukar fim ya zo. Amma a zamanin fim ɗin wanki, hoton tsuntsu aikin masu hali ne: hoto 36 a naɗi guda, ba ka san abin da ka ɗauka ba sai an wanke, dogon gilashin jawo nesa kuwa kuɗinsa ya fi ƙarfin malamin makaranta. Masu hoto na garuruwanmu suna da kyamara, sai dai bikin aure da hawan salla da hoton fasfo ne ke biyansu.

Lamarin ya fara sauyawa da horo. A 2001 aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka fi sani da APLORI, a dajin Amurum kusa da Jos, tana ba da digiri na biyu tare da Jami'ar Jos, kuma daga cikinta aka sami matasan Nijeriya masu riƙe raga da zobe da hannunsu. Sai kyamarar zamani da wayar hannu suka zo suka rushe shingen tsada. Sun zo a kan gaɓa, domin rikicin da ya addabi arewa maso gabas bayan 2009 ya ɗauke ƙafar baƙi daga Dagona da Nguru. Da babu 'yan gida, da an rufe littafin.

A ƙarshen 2015 APLORI ta ƙaddamar da shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai sa kai zai shiga gida guda ya yi aƙalla awa biyu yana zagayawa, ya shigar da duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa a manhajar BirdLasser, wadda ke ɗaukar wuri da lokaci da kanta. Ayarin 'yan Arewa na wannan shiri ya yi suna wajen cike gidajen da ba a taɓa shiga ba, kuma cikin jagororinsa akwai Abubakar Ringim na Jami'ar Tarayya da ke Dutse, wanda ya yi bincikensa a wannan fadama, yana gwada tsuntsayen wuraren da aka killace da na waɗanda ba a killace ba. Idan mutum ya ce ya ga tsuntsun da ba a san shi a yankin ba, masu tantancewa za su nemi hujja. Da can hujjar gawa ce a akwati. Yanzu hoto ne, gani ya kori ji, tsuntsun kuma ya tashi da ransa.

Sai dai hoto ba ya faɗin suna da kansa. A ɗauki fararen tsuntsayen bakin ruwa, waɗanda mai wucewa zai kira su duka balbela. Balbelar shanu gajeriya ce, bakinta rawaya, wuyanta kakkaura, ta fi son bin garke a tudu. Akwai wata siririya mai baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu, amma yatsunta rawaya. In tana tsaye cikin ruwa ba a ganin yatsun, sai an jira ta ɗaga ƙafa ko ta tashi. Akwai babba mai tsawon zalɓe wadda layin bakinta ke zarcewa har bayan ido, da matsakaiciya mai kama da ita wadda layin ke tsayawa a ƙarƙashin ido. Wannan ɗan bambanci ido ba ya kama shi daga nesa, amma da an buɗa hoton a waya ga shi nan ɓaro-ɓaro. Ga kuma wata mai launin ƙasa da ke sajewa da ciyawa, tana buɗe fiffike ta koma fara fat. Ga baƙa wadda ke lanƙwasa fikafikanta ta yi laima a kan ruwa, ƙananan kifi su shigo inuwa ta cafke.

Haka agwagi. Kirinjijiya mai farar fuska ce da dogon wuya, tana tsayuwa a miƙe, kukanta fito ne mai gaɓa uku da ake ji da dare in tana wucewa. 'Yar'uwarta ja-ja ce, babu farar fuskar. Ƙaramar baƙuwar da ta fi sauran baƙin agwagi yawa, wadda littattafai ke kira garganey, takan iso da launin ƙasa, mace da namiji kusan ɗaya. Sai wajen Fabrairu namijin ke fitowa da farin layi daga saman ido zuwa ƙeya, alamar tafiya ta matso. Wanda ya fi ruɗa sabon shiga shi ne mai dogayen ƙafafun nan da ke tsintar shinkafar da ta zube bayan girbi, wanda sunansa na littafi ruff: namiji ya fi mace girma nesa ba kusa ba, launin ƙafa ya sha bamban daga wannan zuwa wancan, sai a ɗauka iri uku ne alhali ɗaya ne. Adon wuyan da yake yi a ƙasashen arewa lokacin barbara ba a ganinsa a fadama.

Shi ya sa mai son gane tsuntsu ba ya tsayawa neman kyakkyawan hoto guda ɗaya. Zai ɗauki gefe, ya ɗauki baki da ƙafa, ya ɗauka yana tashi don a ga ƙarƙashin fiffike, ya sa wani tsuntsun da aka sani cikin hoton don a gwada girma, ya naɗi kuka in ya yi. Rana ta kasance a bayansa. Hazon hunturu na cinye launi da kaifin hoto, don haka kusanci ya fi dogon gilashi amfani, kusanci kuwa a hannun mai kwale-kwale yake. Shi ya san inda dinya ke kwana, shi ya san lokacin da zai ɗaga sanda ya bar jirgi ya silale ba motsi. Ba a shiga ruwan gari ba a gaida bulama ko sarkin ruwa ba, ba a kuma tayar da tsuntsu daga kan ƙwai don neman hoto.

Abin da kyamarar ta zo ta tarar ba duka ne mai daɗi ba. Gauraka mai tukkun zinariya, wanda ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa na Nijeriya, da can garke-garke yake kiwo a fadamun Arewa. Aka yi ta kama shi ana kai wa gidajen masu hali da kasuwannin waje, wuraren da yake ƙwai suka bushe ko suka zama gona. Har taron ƙasa da ƙasa aka yi a kansa a Kano a 1992, amma binciken da aka yi a farkon shekarun 2000 ya tarar ya kusa ƙarewa a dajin ƙasar nan. Ungulu, wadda a da ba mahautar da ba ta cika ba, ta bi sahu. Farautar sassanta domin magani da tsibbu na cikin abin da ya sa a 2015 aka shigar da ita jerin halittun da ke bakin ƙarewa a duniya. Da wuya a sami wanda zai faɗi shekarar da ta daina sauka a mahautar garinsu, domin ba wanda ya zaci abu ne mai ƙarewa, balle ya ajiye lissafi ko hoto.

Wanda ya sami sarari shi ne wanda manomi ba ya so. Tun da madatsun ruwa suka sa ana sako ruwa rani da damina, hanyoyin da a da suke bushewa suka zauna da danshi, ciyawar kacalla ta kafa sansani. Ta toshe mashigai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta karkatar da ruwa ya yi ta cin ƙauyuka a wani gefe yana barin wani gefen da ƙishi. A cikinta jan-baki ke kwana, ya fito da safe ya rufe shinkafa da gero da alkama. Yara su wuni a bakin gona suna jan igiya mai gwangwanaye, hukuma ta turo jirgin feshi, maganin kuwa ba jan-baki kaɗai yake kashewa ba. Wanda ya riƙe jerin tsuntsayen wuri guda shekara da shekaru, da hotuna masu kwanan wata, shi kaɗai zai iya nuna wa hukuma abin da kacalla da feshi suka rage da abin da suka ƙara. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince Baturiya ta zama gandun daji na ƙasa, cikin sababbi 10 da aka ayyana. Mataki ne mai kyau, muddin za a tafi da masunta da makiyayan da suka gaji wurin kaka da kakanni.

Babban giɓin da ya rage na suna ne. Littattafan da ɗalibai ke riƙewa, irin na Nik Borrow da Ron Demey da ya fito a 2001, da manhajojin waya, duk da Turanci da Latin suke magana. G. P. Bargery ya tattara sunayen tsuntsaye da dama a ƙamusunsa na 1934, wanda ya ƙunshi har da kalmomin da ya ce na Haɗejiya da Katagum ne, amma ƙamus ba ya nuna hoto, kuma sau da yawa suna guda kan hau tsuntsu biyu ko uku, ko tsuntsu guda ya amsa suna daban daga wannan gari zuwa wancan. Waɗanda za su warware wannan suna nan da ransu: tsofaffin maharba da masu tarko da masunta na Baturiya da Guri da Auyo. Amma shekaru sun ja, kuma 'ya'yansu da yawa sun kama wata sana'ar.

Wannan aiki ba sai an jira tallafin waje ba. Ɗalibin da ya ɗauko hoto a fadama, kafin ya tura wa masana a intanet, ya fara zama gaban sarkin baka ko sarkin ruwan ƙauyen ya nuna masa. Ya tambayi sunan da Hausa da Badanci da Fulatanci da Barbarci, da watan da tsuntsun ke zuwa, da abin da yake ci, da ko ya ragu a idon dattijon; sannan ya rubuta sunan wanda ya gaya masa a gefen nasa. Jami'o'in Dutse da Kafin Hausa da Gashuwa kuma su haɗa kai su buɗe ma'ajiyar da za ta tara waɗannan hotuna da sunaye, a buga su littafi guda da Hausa, a raba wa makarantun firamare na masarautar Haɗejiya da maƙwabtanta.